Ɗaga Hilux da sauya mata tayoyi: inci nawa ya ishi motar da ke shiga rairayi da laka?

Mai Riɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota. Ina da Hilux ƙirar 2012, mai fetur, injin 2.7, mai agzilari, wato mai ja da ƙafa huɗu. Aikinta ɗaukar riɗi da gero da taki tsakanin Gashuwa da ƙauyukan arewa, wajen Yusufari. Da rani rairayi ne, da damina kuma in na bi ta fadama laka ce. Tayoyin da ke kanta 205R16 ne, irin waɗanda ta zo da su, kuma sun kusa ƙarewa. Abin da ke damuna, cikinta yana yawan zama a ƙasa in na bi sawun manyan motoci, musamman da lodi. Wani ya ce in ɗaga ta inci huɗu in sa mata 285/75R16, wani ya ce a ƙara mata fallen sifirin kawai a baya. Tunda dole zan sayi taya, so nake in yi aikin gaba ɗaya. Me kuke gani?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai ina bayan mai cewa inci huɗu. In za ka kashe kuɗi, kashe su sau ɗaya. Ka ɗaga ta sosai, ka sa mata manyan tayoyi masu haƙori, babu sawun da zai sake taɓa cikinta.

Ogan Gareji:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a yi maganar inci, amsa mini tambaya ɗaya. In ta zauna, wane wuri ne ke taɓa ƙasa? Ka leƙa ƙarƙashinta ka ga inda ƙasa ta goge. Tsakiyar shasi ne, ko farantin ƙarƙashin inji, ko tulun aksul na baya inda dif yake?

Mai Riɗi:
Oga, na sunkuya na duba. Tulun bayan nan ya goge har yana sheƙi. Farantin gaba ma ya lotsa kaɗan. In na yi lodi kuma bayan yana sauka sosai, har robar da ke tsakanin aksul da shasi ta fara tsagewa.

Ogan Gareji:
To ka ga matsala biyu ce ba ɗaya ba, kuma kowace da maganinta.

Tulun baya a jikin aksul yake, aksul kuma a kan taya yake zaune. Ko inci goma ka ɗaga motar nan, bodi da shasi ne za su tashi, tulun yana nan inda yake. Babu abin da ke nisanta shi da ƙasa sai tsayin taya. Wannan ita ce maganar da masu sayar da kayan ɗagawa ba sa fara faɗa wa mutum. Za ka ga mota ta yi tsayi kamar raƙumi, amma sawun da ya kama ta jiya shi zai kama ta gobe, a wuri ɗaya.

Saukar baya kuwa, sifirinka ne ya gaji. Motar da ta shekara fiye da goma tana ɗaukar buhuna, fallayen sun miƙe. Ba mamaki ta riga ta yi ƙasa da tsayin da ta fito da shi daga kamfani. Sabon sifirin mai ƙarfin lodi kaɗai zai dawo maka da abin da ya ɓace, har da ƙari.

Injiniya:
Bari in sa lissafi a kan maganar Oga, don a ga abin da kowace taya ke bayarwa. A rubutun girman taya, lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso na faɗin, ta uku girman rim a inci.

Wadda ke kan motar, 205R16 (ita ba a rubuta mata lamba ta biyu ba), tsayinta wajen milimita 735. In ka koma 245/75R16, kusan 774. In 235/85R16 ce, kusan 806. Ita kuwa 285/75R16 da aka ba ka shawara, kusan 834.

Rabin bambancin ne kawai ke zama tazara tsakanin tulu da ƙasa, domin aksul a tsakiyar taya yake. Wato 245/75 za ta ba ka wajen santimita 2, 235/85 santimita 3 da rabi, 285/75 santimita 5. Amma kowane ƙari da kuɗinsa. Taya mai tsayi tana sa giya ta yi nauyi. Da 235/85 ƙarfin jan mota a kowace giya zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma, kuma in maleji ya nuna 100, gudunka na gaskiya ya kusa 110. Da 285/75 ya kusa 114. Injin 2.7 na fetur ba shi da ƙarfin tashi irin na dizal, sai an ba shi wuta yake ja. A rairayi da lodi, kuloci ne zai biya bashin.

Ɗan Birni:
Injiniya, ai shi ya sa ake da ƙaramar giya ta agzilari. Kuma ni na ga Hilux da yawa a Abuja da Kano da irin wannan tayar, lafiya lau suke yawo.

Ogan Gareji:
Ɗana, waɗancan ba sa ɗaukar buhu. Ka tambayi masu su ko sun taɓa murza sitiyari har ƙarshe a cikin kwari da kaya a baya. Taya 285 a wannan ƙirar tana gogar madigadi da maƙalar bodi da ke bayan tayar gaba. Sai an yanke, an buga guduma, wani lokaci an yi walda. Kuma ba ta hawa rim ɗin ƙarfen da ke kan motar Alhaji, ya yi mata siriri, sai an sayi wasu rim guda biyar.

Ga wani abin da mutane ba su lura da shi. Gaban Hilux ba aksul ɗaya ba ne irin na wasu Land Cruiser, kowace taya da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa. In ka ɗaga gaban, motar ce ta tsaya a sama, amma iyakar inda taya ke kaiwa in ta faɗa rami bai canza ba. Tayar da za ta gogi bodi kafin ɗagawa, za ta goge shi bayan ɗagawa ranar da ka daki gargada da lodi. Sannan hannuwan nan suna da iyakar saukarsu. In ka cinye ta da ɗagawa, taya ba ta da sauran wurin bin rami, sai ka ji ƙwas a kowane tudu. Shaf ɗin gaba ya karkace, robarsa ta riƙa yagewa, maiko ya zube, yashi ya shiga. Boljoyin na sama ya riƙa aiki a ƙarshen iyakarsa. Mai alaimen ya yi iya yinsa ya kasa daidaita ta, taya ta riƙa cin gefe ɗaya.

Shi ya sa kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a a Ostareliya, irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman, yawancin kayansu na Hilux milimita 40 zuwa 50 suke ɗagawa, wato inci biyu ko ƙasa da haka. Ba don ba su iya yin huɗu ba. In ya wuce inci biyu, sai an canza hannun sama, a sauko da dif ɗin gaba, a ƙara tsawon tiyon birki. Mai hali yana yi, amma ba aikin motar neman abinci ba ne.

Direban Agadas:
Sallama gare ku. Ni nan Agadas nake, kat-kat nake tuƙi, wato mota mai agzilari, hanyar Dirku da Bilma. Alhaji, maganar rairayi ka bar ta gare mu. Land Cruiser ɗin da muke shiga Tenere da su, da yawa a kan 7.50R16 suke, siririya mai tsayi, kusan tsayi ɗaya da 235/85 da Injiniya ya ambata. Abin da ke fitar da mota daga rairayi iska ce, ba faɗi ba. In mun bar ƙasa mai tauri muna sauke iskar taya zuwa kilo ɗaya da rabi a geji, in ya yi laushi sosai mu ƙara saukewa kaɗan. Taya mai dogon gefe in ka rage mata iska sawunta yana ƙara tsawo, ta kwanta a kan rairayi ta bi ta samansa. Mai faɗi kuwa tura rairayi take a gabanta, inji ya yi ta wahala.

Kuma kada ka sa mai manyan haƙora don rairayi. Haƙa take. Kana ba ta wuta sau ɗaya ta binne kanta har aksul.

Ɗan Gembu:
Malam na Agadas, a rairayi na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma Alhaji ya ce da damina laka yake shiga. Mu nan kan Mambila, in ruwa ya sauka a jar ƙasar nan, taya mai ƙananan zane ba ta minti biyu ta cika da laka ta zama sumul, mota ta riƙa zamewa gefe ko da agzilari. Mai manyan haƙora ita ke watsar da laka in ta juya, ta sake kama ƙasa. Tsofaffin Land Rover da ke shiga ƙauyukanmu har yau, siririyar taya mai haƙori suke sawa. Saboda haka a siririn mun haɗu, a haƙori muka rabu. Ni MT zan ce ya saya, wato tayar laka mai manyan haƙora.

Direban Agadas:
To sai ya faɗa mana wata nawa yake cikin laka, wata nawa yake cikin rairayi. Damunar Yobe ba damunar Mambila ba ce.

Mai Riɗi:
Gaskiya laka ba ta wuce wata biyu zuwa uku, kuma ba kullum ba. Sauran shekara rairayi ne da kwalta. Daga Gashuwa zuwa Damaturu ko Kano kuma duk kwalta ce, ina yawan yi.

Ɗan Gembu:
In haka ne na sassauta, amma ba duka ba. Sai ya sa AT, wato mai matsakaicin zane da ke bin kwalta da daji, amma ita ma iri-iri ce. Akwai wadda sunan kawai gare ta, zanenta na kwalta ne. Ya nemi mai buɗaɗɗen zane da haƙora a kafaɗa, irin BFGoodrich KO2 ko makamanciyarta. Kuma ya sani ranar da ya shiga baƙar lakar fadama mai danƙo, wadda ba ta da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, AT ba za ta fitar da shi ba. Ya riƙe igiya mai ƙarfi da shebur.

Mai Faci:
Ni a bakin titi nake, abin da ke zuwa hannuna shi zan faɗa. Yawancin tayoyin motocin ƙauye da ake kawo mini ba ta zane suke mutuwa ba, ta gefe ne. Kututturen gona, ƙayar aduwa, bakin kwalta da ya karye. Kuma gefe in ya yage, faci ba ya riƙe shi yadda za ka amince ka ɗora kaya. Don haka Alhaji, ka duba ka ga LT a gaban lambar, ko C a bayanta kamar wadda ke kan motarka yanzu, su ne alamar tayar ɗaukar kaya. Akwai tayoyi masu girma ɗaya da aka yi don jif ɗin gida, gefensu laushi ne. Suna da araha, suna da daɗi a kwalta, amma ba na lodi ba ne.

Ka duba lambar nauyi da ke bayan girman. Taka ta yanzu za ka ga 110, wato kilo 1,060 kowace taya. Kada ka sayi wadda ta gaza haka. LT235/85R16 da yawa 120 ce, kilo 1,400, amma sai da iska mai yawa take ɗaukar wannan, ba da iskar rairayi ba.

Sai shekara. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Ana kawo 'yan Beljiyam da zanensu a cike, an shafa musu baƙi suna ƙyalli, amma in ka lanƙwasa gefen da hannu sai ka ga ƙananan tsaga. Wasu ma an sake yanka musu zane da wuƙa mai zafi. Irin wannan a zafin watan Afrilu da lodi, a kan kwalta take fashewa. In kuɗin bai kai na babban suna ba, gara sabuwa mai matsakaicin suna da tsohuwa mai babban suna.

Kuma biyar za ka saya. Mai agzilari ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi.

Hajiya Mai Kaya:
Ina bin maganar nan tun farko domin ni ma motoci na ke zuwa kasuwannin ƙauye. Abin da ban ji an taɓo ba shi ne mutane. Mu faɗi gaskiya, motocin nan ba buhu kaɗai suke ɗauka ba. Ana jera kaya har ya wuce kan direba, sannan mutane su hau sama, mata da yara a ciki. Duk abin da aka ƙara wa mota na tsayi, an ƙara mata saurin kifewa. Na taɓa zuwa gaisuwar waɗanda motar kasuwa ta kife da su a kwana, ba abin da nake so in sake gani ba ne. Alhaji, in ka sa sifirin mai ƙarfi, yaranka za su ga baya ba ya sauka, su ce ai tana iya ɗaukar ƙari. Wannan shi ne tsorona.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi abin da ya fi komai nauyi. Sifirin yana riƙe kaya ne kawai, bai ƙara wa birki ko aksul ko shasi ƙarfi ba. Iyakar nauyin motar yana rubuce a farantin jikinta, kuma sabon sifirin bai canza shi ba. Irin waɗannan motoci dama dogaye ne tun daga kamfani. A 2016 wata mujallar motoci ta Suwidin ta gwada sabuwar Hilux da lodi a gwajin kauce wa abu a kan hanya, a gudun wajen kilomita 60 a awa, tayoyi biyu suka tashi sama. Wannan mota ce da ba a taɓa ta ba, a kan kwalta mai kyau. To ina ga wadda aka ƙara wa inci huɗu da tayar da ta ƙara mata santimita biyar?

Babbar taya kuma tana ƙara nisan tsayawa in an taka birki, domin ta fi nauyi kuma ta fi tsayi.

Ogan Gareji:
Tunda an zo birki. Alhaji, motarka tana da ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa in an taka birki?

Mai Riɗi:
Babu, Oga.

Ogan Gareji:
To leƙa sama da aksul na baya, za ka ga wani bawul a jikin shasi da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksul. Aikinsa auna lodi. In baya ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage. Da ka ɗaga bayan, shi a wurinsa motar babu kaya ko da ta cika, sai ya bar birkin gaba da aikin shi kaɗai. Dole a ɗaga maƙalarsa daidai da abin da aka ɗaga motar. Aikin minti kaɗan ne, amma da yawa ba sa yi.

Mai Riɗi:
Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa ji ba. To maganar ƙara falle fa? Akwai mai yi mana a nan, yana lanƙwasa tsofaffin ya ƙara ɗaya ko biyu. Kuɗinsa bai kai kusa da na sabo ba.

Ogan Gareji:
Ba zan ce kada ka yi ba, ni ma ina yi wa mutane in aljihu bai kai ba. Ƙarin falle ɗaya mai kyau a kan sifirin da bai mutu ba yana aiki. Amma wanda ya riga ya miƙe, in an buge shi ya lanƙwashe, ba ya daɗewa yake komawa, in kuma an sa masa wuta ƙarfen ya rasa ƙarfinsa, wata rana babban fallen ya karye a daji. Babban fallen nan shi ke riƙe aksul a wurinsa.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne dunƙulen ƙarfe da ake sawa tsakanin sifirin da aksul, da zoben da ake sawa a kan shokazoba na gaba. Tsayi suke bayarwa, ba sa ƙara ɗaukar kaya, gajiyayyen sifirin yana nan a gajiye.

In ni ne kai, sabon sifirin na baya mai matsakaicin lodi, da shokazoba huɗu da aka yi don tsayinsa, da sifirin gaba wanda bai wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Kada ka ɗauki mafi tauri don an ce ya fi ƙarfi. Ana yin su ne bisa nauyin da ke zaune a mota kullum. Ranar da ka dawo babu kaya, bayan zai riƙa tsalle a gargada yana zamewa. A gaba ma, tunda ba ka da bambar ƙarfe, mai laushi ya ishe ka.

Injiniya:
A taya ni 245/75R16 zan zaɓa saboda injin. Kashi biyar cikin ɗari kawai ta ƙara a tsayi, mai ba zai tashi sosai ba, kuloci zai huta. Sai dai tana son rim mai faɗin inci shida da rabi zuwa sama.

Direban Agadas:
Ni kuwa 235/85. Tana hawa rim ɗinsa na yanzu, kuɗin rim ya tsira. Santimita ɗaya da rabi da ta fi ta Injiniya, a sawun babbar mota shi ne bambancin wucewa da kwana a daji. Da wannan kuɗin ya sayi famfon iska mai aiki da batir da geji na kansa. Wanda ya sauke iska a rairayi ya hau kwalta bai mayar ba, da lodi da zafi, ya kashe tayar ko sabuwa ce.

Injiniya:
Ban musa ba, amma motarka dizal ce mai silinda shida, tashi fetur ce mai huɗu. In ya sa 235/85, ya san cewa a rairayi mai laushi tun kafin ya shiga zai sa ƙaramar giya, ba sai ta fara nishi ba.

Ɗan Birni:
Na ji bayanin kowa, kuma na ƙaru da maganar tulun baya. Amma har yanzu ina ganin inci biyu kaɗan ne ga farantin gaban da ya ce ya lotsa.

Ogan Gareji:
A gaba lissafin daban ne, ɗana. Dif ɗin gaba a jikin shasi yake, don haka ɗagawa tana tashi da shi. Inci biyu na sifirin da santimita uku da rabi na taya, farantin ya tashi fiye da santimita takwas. Ba kaɗan ba ne.

Mai Riɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fi karkata ga 235/85R16 AT mai LT, da sabon sifirin da shokazoba kamar yadda Oga ya ce. Hajiya, maganarki ta shige ni, zan zauna da yaran a kan lodi da hawan mutane. Saura tambaya ɗaya: safaya mai wannan tsayi za ta shiga wurinta a ƙarƙashin bodi?

Mai Faci:
Yawanci tana shiga amma a matse. Kafin ka biya kuɗin biyar, a ɗaura ɗaya a rim a gwada ta a wurin safaya, a ga ba ta taɓa salansa ba. Sannan a sa ta a gaba a murza sitiyari dama da hagu har ƙarshe.

Ogan Gareji:
Kuma a fara da sifirin kafin taya. Ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi a ƙafa huɗu kafin aiki da bayansa, ka rubuta. Kada a ɗaure notunan bushin motar tana kan jak, sai ta sauka ta zauna da nauyinta. A yi alaimen ranar. Bayan tafiyar farko da lodi ka koma a sake ɗaure notunan da ke riƙe sifirin da aksul, suna saki. In ka auna ka turo mana lambobin, in ga ko gaban bai wuce ba.